Kaskon kare da kwanon mage: abin da ragowar tuwo ke yi wa dabbobin gida

A yawancin gidajen da ake ajiye kare ko mage a ƙasar Hausa, babu mai ɗora musu tukunya. Abin da ya rage bayan an ci an sha shi ne rabonsu: ƙanzon shinkafa, guntun tuwon jiya da aka kwaɓe da miya, ƙashin da yara suka gama gwaigwaya. Mage sau da yawa ko wannan ba ta samu, wai ai don ɓera aka kawo ta, in aka ƙosar da ita lalaci za ta koya. A unguwannin masu hali na Kano da Kaduna da Abuja kuwa, an shiga yayin karnukan waje masu tsada da maguna masu dogon gashi, ana saya musu abincin buhu da na gwangwani, ana ɗura musu har su kasa ɗaga jiki. Gidajen nan biyu sun sha bamban, amma a asibitin dabbobi suke haɗuwa, kuma in ka bi diddigin abin da ya kai su, galibi ko daga kasko ya fara, ko daga wata allura da ba a yi ba.

Kare da mage ba abinci ɗaya suke ci ba, ko da a tsakar gida ɗaya suke kwana. Kare ya daɗe yana bin ɗan Adam yana cin abin da ya ci, har jikinsa ya sauya. Wani bincike da masana a ƙasar Suwidin suka fitar a 2013 ya nuna cewa kare ya fi kakansa kyarkeci yawan ƙwayoyin gadon da ke sarrafa sitaci. Shi ya sa karen ƙauye ke rayuwa a kan tuwon dawa da dusa, ya yi gadi, ya je farauta. Rayuwa dai yake yi, ba lafiya ce ta ishe shi ba, amma cikinsa na narkar da hatsi.

Mage ba haka take ba. Asalinta daga magen daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya ne, kuma har yau jikinta na maci nama ne zalla. Harshenta ba ya ma jin zaƙi. Akwai abubuwan da jikin kare ke haɗa wa kansa, ita kuwa dole ta same su a shirye daga naman wata dabba. Babba a cikinsu shi ne wani sinadari da ake kira taurin. Tun 1975 aka gano cewa rashinsa na lalata idon mage a hankali har ta makance, a 1987 kuma likitocin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya suka gano cewa shi ne ke jawo wani ciwon zuciya da ya daɗe yana kashe maguna, inda naman zuciyar ke saki ya kasa tura jini. Babu taurin a tuwo ko shinkafa, balle burodi. Haka bitamin A: kare na iya samar da shi daga karas da ganye, mage ba ta iyawa.

To ta yaya magen gidanmu ta kai yau ba ta makance ba? Ɓera ne ya cece ta, da ƙadangare da fara da 'yan tsuntsaye. Naman ɓera na da taurin sosai. Magen da ke yawo tsakanin rumbu da soro tana cike giɓin da kanta. Wadda ke cikin haɗari ita ce wadda aka kulle a gidan sama mai tayil, babu ɓera babu ƙadangare, ana ba ta shinkafa da madara da sunan gata. Ita kuwa maganar cewa yunwa ce ke sa mage kamun ɓera, ba ta da tushe. Farauta ɗabi'arta ce, ko ta ƙoshi za ta yi, kuma mai ƙarfin jiki ta fi ramammiya iya kamu.

Madara ma a daina ɗaukarta abincin mage. Da zarar an yaye kyanwa ko kwikwiyo, ƙarfin cikinsu na narkar da sukarin da ke cikin madara yana raguwa, shi ya sa da yawa daga cikinsu zawo ke biyo baya. Kindirmo ko nono mai tsami kaɗan ya fi sauƙi, domin tsamin ya riga ya cinye wani sashe na sukarin, amma shi ma lasa ne, ba cin rana ba.

Matsalar ragowar abincinmu ba ta tsaya ga abin da babu a ciki ba. Akwai kuma abin da ke ciki. Wace miya ake yi a gidan Bahaushe babu albasa? Albasa da tafarnuwa suna ɗauke da sinadaran da ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da mage, kuma dafuwa ko suya ko busarwa ba sa kashe su. Mage ta fi saurin kamuwa. Illar ba ta bayyana nan take. Sai bayan kwana biyu zuwa biyar a ga dabba ta yi laushi, tana haki, dasashinta ya yi fari, fitsarinta ya yi duhu, a lokacin kuwa babu mai tuna dafa-dukar da aka juye mata. Ɗan abin da ke cikin cokali ɗaya na miya ba zai kayar da babban kare ba. Abin tsoro shi ne a mayar da ita abincin kullum, ko a kwashe albasar da ta rage a takardar tsire a zuba wa ƙaramar mage. Ga gishiri da dunƙule da attarugu da mai. Kitse mai yawa a lokaci guda, irin wanda karnuka ke samu a kwanakin Babbar Sallah, yana iya tayar musu da kumburi a ciki mai zuwa da amai da matsanancin ciwo.

Goro da cakulan da kofi duk dangi ɗaya ne a wajen kare. Sinadarin da ke wartsake mu a cikinsu, jikinsa na daɗewa bai fitar da shi ba, sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jiki na rawa, wani lokaci har da farfaɗiya. Inabi da zabibi na iya tsayar da ƙodar kare. Cingam marar sukari da aka rubuta xylitol a jikinsa yana faɗar da sukarin jininsa cikin ƙanƙanin lokaci. Ƙashi kuma, duk da yadda aka haɗa sunansa da kare, dafaffensa ne ya fi haɗari, musamman na kaza da zabo, domin tsagewa yake yi ya yi tsini, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Yawan ƙashi ko da bai huda ba yana daskarar da bayan gida har kare ya yi ta yunƙuri ba abin da ke fita.

Wani zai ji wannan ya ce shi ke nan, daga yau nama zalla. Nan ma an faɗa wani ramin, kuma masu kuɗi sun fi faɗawa. Tsokar nama na da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kuwa kaɗan ƙwarai, alhali jiki na son su kusan daidai, kalsiyam ya ɗan rinjaya. Dabbar daji tana cinye abin da ta kama ne da ƙashi da fata da kayan ciki, sai lissafin ya daidaita. Idan aka ba kwikwiyo ko kyanwa mai tasowa tsoka kawai, jiki zai riƙa ɗebo kalsiyam daga ƙashinta don ya cike giɓin jini. Bayan 'yan watanni sai a ga ƙafafu sun gwame, dabba na ɗingishi, ta diro daga kujera ƙashi ya karye. Hanta ita ma tana da nata sharrin. Mage na sonta ƙwarai, har takan ƙi komai sai ita, amma yawan bitamin A da ke cikinta yana sa ƙashin wuya da na baya su yi tsiro su manne, mage ta kasa juya kai ta lashi jikinta. Ɗanyen kifi a kullum kuma, akwai nau'o'in da ke lalata bitamin B1, abin da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Dafa kifin na magance wannan.

A ganina mai ƙaramin ƙarfi ba ya buƙatar buhun waje kafin ya ciyar da dabbarsa da kyau. Abin da yake buƙata shi ne tukunya ta daban, ko a ɗebi rabon dabba kafin a zuba kayan miya. Babban kare zai yi kyau a kan tuwon masara ko dawa ko shinkafa ko dankali, a haɗa da kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya fito daga dabba: tumbi, huhu, zuciya, kan kifi da aka dafa aka cire ƙaya, dafaffen ƙwai, da ɗan wake da ya nuna lugub, da kabewa ko karas ko alayyafo, da ɗan mai kaɗan. Don kalsiyam, a wanke ɓawon ƙwai a busar a daka ya yi laushi, kusan ƙaramin cokali guda ga kilo guda na nama. Mage kuwa a juya lissafin: nama ko kifi ko ƙwai su ne abincin, hatsi in za a sa ɗan kaɗan ne. Zuciya na da taurin da yawa, kuma tunda yana narkewa a ruwa, a ba ta har da romon da aka dafa naman a ciki. Hanta sau ɗaya ko biyu a mako, ɗan yanki. Kwikwiyo na cin sau huɗu a rana har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. Karya mai shayarwa tana iya buƙatar ninki biyu ko uku na abin da ta saba ci, kuma ita ce aka fi bari da yunwa.

Kayan kwata kuwa dole a dafa su. Huhu da hantar tumaki da shanu da raƙuma da ake gani da ƙuraje masu ruwa a ciki, waɗanda mahauta ke yankewa su jefa wa karnuka, 'ya'yan wata tsutsa ce a ciki. Ta girma a hanjin kare, ƙwanta ya fito a kashinsa, ya koma jikin dabbobi ko na mutum, inda yake yin jakar ruwa a hanta ko huhu da sai an yi tiyata.

Abincin buhu na kamfani, idan mai kyau ne, ya ɗauke wa mutum wannan lissafi duka, shi ne amfaninsa. Sai dai a duba an rubuta cikakken abinci ne, na kare ne ko na mage, na yara ne ko na manya. Ba a ciyar da mage da na kare, domin furotin da taurin ɗinsa ba su kai nata ba. Wanda ke ba kwikwiyon babban kare irin su Alsatian cikakken abincin buhu kada ya ƙara masa ƙwayar kalsiyam, yawansa ma na ɓata ƙashi da gaɓoɓi. Sai kuma ajiya. Buhun da aka buɗe aka bari a zafi da laimar damina yana yin fumfuna, kuma fumfunar masara da gyaɗa na fitar da gubar afilatoksin mai cin hanta. Kare na cikin dabbobin da ba sa jure ta. A Amurka ma, a 2005 da kuma ƙarshen 2020, abincin kamfani da aka yi da gurɓatacciyar masara ya kashe karnuka da dama. Wannan ya shafi mai dama wa karensa garin masarar da ta ruɓe ko tsohon ƙuli-ƙuli don ganin ai kare ne.

Ƙiba ba ta zama annoba a nan kamar yadda ta zama a Amurka ba, inda fiye da rabin karnuka da magunan gida suka wuce nauyin da ya dace. Amma ta iso gidajen da ake ɗaure kare a keji yini guda ana tura masa abinci, don mai gida na son baƙo ya ga ƙato. Wani dogon bincike da aka wallafa a 2002 a kan karnukan Labrador ya nuna waɗanda aka rage wa kashi ɗaya cikin huɗu na abinci sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara biyu, kuma ciwon gaɓoɓi ya yi jinkirin kama su. Awon ba ya buƙatar sikeli. Ka shafa haƙarƙarinsa: in kana ganin ƙasusuwan daga nesa ya rame, in sai ka danna kafin ka ji su ya yi ƙiba, in kana jin su da shafa kawai ba tare da ganinsu ba to daidai ne.

Ruwa ya fi abinci gaggawa a ƙasarmu. A ƙiyasi, dabba na buƙatar wajen mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo na nauyinta a rana, wato kare mai kilo 20 ya haura lita guda, kuma a bazara abin ya fi haka nesa. Kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, kejin kwano a tsakiyar rana na iya kashe kare cikin sa'o'i kaɗan, musamman masu kaurin gashi da masu gajeren hanci da aka kawo daga ƙasashen sanyi. Idan aka ga yana haki ba tsayawa, miyau na dalala, yana tangaɗi, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa mai sanyi a yi masa fifita, sannan a nufi asibiti. Mage kuwa gadon hamada ya sa ba ta cika jin ƙishirwa ba, ta saba samun ruwa daga jikin abin da ta kama. In aka mayar da ita kan busasshen abincin buhu kawai, fitsarinta na yin kauri. Muzuru ya fi shan wahala, saboda hanyar fitsarinsa siririya ce, tana iya toshewa gaba ɗaya. Muzurun da ke tsugunawa yana yunƙuri yana kuka ba abin da ke fita ba ya jiran gobe, domin kwana biyu ko uku sun isa ya mutu. Haka magen da ta daina cin abinci kwana biyu zuwa uku, musamman mai ƙiba, kitse na taruwa a hantarta, ba a cewa bari yunwa ta koya mata hankali.

Idan dabba ta kwanta, abin da aka fi yi shi ne a aiki yaro kemis. Nan ne ake kashe da yawa da kyakkyawar niyya. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya ta manya tana iya kashe mage, domin hantarta ba ta da hanyar sarrafa shi. Jini ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac na tsaga cikin kare su lalata ƙodarsa. Maganin kaska da ƙuma na kare da aka rubuta permethrin a jikinsa guba ne ga mage, ko da gogar karen kawai ta yi bayan an shafa masa. Wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona, da shafa baƙin mai ko kananzir a jikin kare mai ƙazwa, duk ana yi, kuma fata na tsotse su, dabba kuma na lasa. Ƙazwa na da magani mai sauƙi a wajen likitan dabbobi, wanda zai auna shi da nauyin dabbar. Ga kuma shinkafar ɓera: gidan da ke da mage kuma yake zuba ta ya haɗa abu biyu da ba sa zama tare, tunda ɓeran da ya ci guba ya yi laushi shi ne ya fi sauƙin kamu.

Tsutsar ciki kusan kowane kwikwiyo da ita ake haihuwarsa, domin macijin ciki na ratsa mahaifa daga uwa, wata tsutsar kuma mai shan jini ta biyo nono. Alamar ita ce ƙaton tumbi a kan siraran ƙafafu, gashi ya bushe, dasashi fari. Ana ba da maganin tsutsa a mako na 2 da na 4 da na 6 da na 8, sannan duk wata har wata shida, daga nan duk bayan wata uku. Wannan ba don dabbar kaɗai ba ne. Ƙwan tsutsar na daɗewa a ƙasa, a tsakar gidan da yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Kwashe kashin kare kullum ya fi kowane magani arha. Kashin mage shi ma a kwashe shi kullum, domin ƙwayar toksofilasma da kan fito a cikinsa sai ta kwana ɗaya zuwa biyar kafin ta iya kama mutum. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin, ta kuma guji naman da bai dahu ba, wanda shi ma babbar hanya ce ta kamuwa. Ba sai an kori magen ba.

Kaska ce babbar abokiyar gabar kare a nan, musamman da damina. Shan jinin da take yi ƙaramin abu ne a kan cututtukan da take zubawa a jini, masu kawo zazzaɓi, rashin ci, farin dasashi, wani lokaci haɓo ko jan fitsari. Irin kaskar da ta fi addabar kare a tsagar bango da kusurwar keji take ɓuya ta yi ƙwai, shi ya sa wanda ya wanke kare ya bar ɗakinsa zai ga ta dawo cikin mako guda. Akwai kuma wani ƙuda da ke yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta shige fatar kwikwiyo ta yi maruru mai ɗan rami a tsakiya. A toshe ramin da man shafawa, tsutsar za ta leƙo a matse ta, sannan a gyara makwancin.

Wanda ya taɓa sayen kwikwiyo mai tsada ya mutu masa cikin mako guda, da wuya in ba cutar da likitoci ke kira fabo ba ce. Ta bayyana a duniya a 1978. Amai ne da zawo mai jini mai wari, kwikwiyo ya bushe cikin kwana biyu. Galibi abin da ake yi shi ne ƙarin ruwa da jinya mai cin kuɗi, kuma ƙwayar cutar tana iya zama a ƙasar gida wata da watanni, har ta kama sabon kwikwiyon da aka kawo don maye gurbi. Ruwan bilic na kashe ta a siminti da kwanuka. Allurar rigakafinta, wadda galibi ake haɗawa da ta wasu cututtukan a kwalba ɗaya, ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har kwikwiyo ya kai mako 16. Dalilin maimaitawar shi ne garkuwar da ya sha a nonon uwa tana iya hana allurar farko kamawa, kuma babu wanda ya san ranar da za ta ƙare. Mai sayarwa ya ce maka “an yi masa allura” bai isa ba, ka nemi katin da likita ya sa wa hannu, ka kuma tuna cewa allurar da ta kwana a zafi ba wuta ba ƙanƙara ta zama ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranar da zawo ya fara allura ba ta da sauran amfani. Maguna ma na da irin tasu cutar mai kama da wannan, da tasu allurar, ko da yake a nan da wuya ka ga wanda ya kai mage rigakafi.

Duk waɗannan asarar dabba ce. Ciwon haukan kare kuwa asarar mutum ce. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar na cikin miyau, ta shiga ta cizo ko yakushi ko lasar rauni, ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin alamu su fito, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Da zarar sun fito, irin su tsoron ruwa da firgita da ruɗewa, kusan babu mai tashi. Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizo ba. Wani shiru yake yi, muƙamuƙi ya saki, miyau na zuba kamar ƙashi ya maƙale masa, mai shi ya zura hannu zai ciro. Mage ma na kamuwa kuma tana yaɗawa.

Rigakafin ya daɗe, tun 1885 da masanin kimiyya Louis Pasteur ya gwada allurarsa a kan wani yaro a Faransa, kuma ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita aka ware don yaƙi da cutar a duniya. A Najeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda tarihinta ya faro tun 1924, tana haɗa allurar karnuka, ana kuma samunta a asibitocin dabbobi na jihohi da na jami'o'i irin su Ahmadu Bello a Zariya da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ana yi wa kwikwiyo a wata uku, a maimaita duk shekara. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar na rasa hanyar yaɗuwa. Abin da ke hana mu kai wa wannan adadi, a nawa ganin, ba tsada ba ce kawai. Muna ajiye kare don gadi da kiwo da farauta, abubuwan da addini ya halatta, amma muna ƙyamar taɓa shi, sai ya zama na kowa kuma ba na kowa ba, yana kwana a ƙofar gida yana ci a juji. Karen da mai shi bai taɓa sa masa igiya ba, wa zai riƙe shi ranar allura? Ƙa'idojin tsarki daban, haƙƙin dabbar da ka ajiye daban, kuma hadisin matar da ta kulle mage ba ci ba sha har ta mutu sananne ne ga kowa.

Idan cizo ya auku, abu na farko shi ne wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ba shafa toka ko barkono ko gashin karen ba, sannan a tafi asibiti a ranar don fara alluran bayan cizo, a kuma cika su duka ko da raunin ya warke. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi gaggawa, kuma rauni mai zurfi na iya buƙatar wata allurar daban da ake yi a cikin raunin kansa. Karen kuma, in ana iya kama shi ba tare da wani ya sake shan cizo ba, a tsare shi kwana 10 ana ba shi ci da sha ana lura. Wanda ke da ƙwayar a miyaunsa ranar da ya yi cizo zai nuna alamu ko ya mutu a cikin waɗannan kwanaki. Ba a jiran su cika kafin a fara yi wa mutum allura. In kuwa an riga an kashe shi, kamar yadda matasan unguwa suka saba, kada a rotse kan, kada a jefa gawar a kwalbati ko a sayar wa masu cin nama. A kira likitan dabbobi ya cire kan ya sa a ƙanƙara ya aika ɗakin gwaji, domin a ƙwaƙwalwar ake ganin ko yana da cutar, kuma sakamakon ne zai nuna sauran mutane da dabbobin da ya taɓa waɗanda su ma za a nemo.